Yadda ake saita ƙaramin jirgin ruwan tsere mai rimot

Kusan duk sabon shiga da na gani a wannan harka, da zarar jirginsa ya ƙi gudu sai ya ɗora laifin a kan inji. Ya sayi wanda ya fi girma, ya ƙara batir, ya ƙona ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji, jirgin kuma yana nan yana huda ruwa da hanci kamar garma. Mafi yawan lokaci matsalar tana ƙasan jirgin ne, wurin da ba kowa ke juyawa ya duba ba. Zan yi magana a kan jirgi mai jiki ɗaya, wanda ƙasansa ke da siffar V, wato mono. Katamaran mai jiki biyu da haidiro mai gudu a kan ƙafafu biyu na gefe sun fi shi gudu a ruwa mai kwanciya, amma iska na shiga ƙarƙashinsu ta ɗaga su ta kifar, don haka ban yarda mai koyo ya fara da su ba.

Mataki na farko, ka kifa jirgin a kan tebur kafin ka ɗaura komai. Ɗauko rula ta ƙarfe, ka ɗora ta a tsawon ƙasan jirgin, daga bangon baya zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Idan jirgi ya ɗauki gudu, wannan ɗan wurin ne kaɗai ke taɓa ruwa, sauran jikin duk a sama yake. Haska fitila ta bayan rular. In ka ga haske a tsakiya alhali bakunan biyu sun zauna, ƙasan ya lotsa ciki ke nan, kuma wannan lotsawar za ta riƙa ɗaga bayan jirgin tana danne hancinsa. In kuwa rular na lilo a kan tudu, jirgin zai yi ta sukuwa, hanci sama, hanci ƙasa. Ka gwada gefen dama da na hagu daban-daban, domin in ɗaya ya lotsa ɗaya ya miƙe, jirgin zai karkata duk yadda ka murɗa sitiyari.

A nan ne na sha wuya. Ina da jirgin roba mai tsawon santimita 75, na bar shi a bayan mota da bazara, batir a cikinsa, yana zaune a kan mazauninsa na katako. Zafi ya tausasa robar, nauyi ya danna, ƙasan ya lotsa. Da ido ba ka ganin komai. Na yi makonni ina sauya farfela, ina matsar da batir baya, inji na fitowa da zafin da ba a iya riƙe shi, jirgin kuma in ya shiga kwana sai hancinsa ya kama ruwa ya juya kamar katantanwa. Ranar da na ɗora rula, ratar ba ta wuce kaurin katin waya ba. Ita ce ta hana ni barci.

Gyaran yana son haƙuri. In jikin faiba ne, ka shafa filar da masu gyaran bodin mota ke amfani da ita, siririn shafi, ta bushe. Sannan ka manna samfefa mai lamba 220 a kan gilashi ko katako miƙaƙƙe, ka goga a tsawon jirgin. Kada ka riƙe samfefa da yatsu, yatsa na bin rami ne ya ƙara zurfafa shi. Dabarata ita ce in zizzira alƙalamin maka a duk wurin kafin in fara, inda tawada ta rage bayan guga nan ne ramin yake. Ka gama da 400 ko 600. In roba ce ka yi a hankali, ba ta da kauri. Gefen da ƙasan jirgi ya haɗu da bangon baya dole ya yi kaifi, kada ka dadashe shi don ya yi kyan gani. Gefe mai kaifi yana sakin ruwa, mai dadashi kuwa ruwan na bin sa ya hau baya ya riƙe jirgin. Ni ba na goge ƙasan jirgi ya yi sheƙi, yadda samfefa ta bar shi ya ishe ni.

Mataki na biyu, daidaiton nauyi. Saka komai a ciki kamar za a shiga ruwa, har da murfi, ka ɗora jirgin a kan sanda a gicciye ka nemo inda ya tsaya bai rinjaya ba. A mono ana farawa ne daga kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgin, a auna daga baya. A jirgin santimita 75, wajen santimita 22 ke nan. Yi alama a ciki da maka. Da batir ake wannan wasan: in jirgin na sukuwa ka tura shi gaba da santimita ɗaya, in yana noma ruwa ka ja shi baya. Kada ka sayi dalma don ƙarin nauyi, asarar kuɗi ce muddin batir na da wurin matsawa. Ka ɗaure shi tamau, batirin da ke yawo ya rusa duk awon da ka yi.

Mataki na uku, mariƙin farfela. Fara da shi a miƙe, daidai da ƙasan jirgi. In ka ɗaga bakinsa na wajen farfela sama hanci zai tashi, in ka sunkuyar da shi hanci zai sauka, kuma digiri ɗaya ma ana ganin aikinsa. Kebul mai lanƙwasa da ke juya farfela yana gajarcewa in inji ya ja, saboda haka ka bar rata tsakanin abin da ke tura farfela da bakin mariƙin, kamar kaurin kebul ɗin kansa. Wanda bai bar ratar ba zai tsinke kebul, farfelarsa ta tafi ƙasan tafki.

Yawancin farfela na juyawa hagu in ka duba ta baya, shi ya sa jirgin ke kwanciya dama kuma yake janyewa dama. Saboda haka ne ma a gasar ƙungiyoyin IMPBA da NAMBA na Amurka ake zagaya fili ta hannun dama, zagaye 6 ya ba da mil ɗaya. Ka sa wuƙar juyawa, wadda sitiyari ke murɗawa, da ƙaramar wuƙar kama kwana a gefen dama, ka wasa bakunansu, ka ɗan matsar da batir hagu. Faifan ƙarfe biyu na baya, waɗanda ake danne ruwa da su don saita zaman jirgi, ka bar su a miƙe tukuna. Mutane na saurin danna su ƙasa don su kashe rangajin da jirgi ke yi hagu da dama, sai su kashe gudun gaba ɗaya.

Farfela ka fara da ƙarama. Irin X440 ta kamfanin Octura faɗinta milimita 40 ne. Ka wasa ta, ka daidaita nauyin kunnuwanta, amma a cikin ruwa za ka goga, da takunkumi a fuska, domin tagullar da ake yin irinta na ɗauke da beriliyam, ƙurarsa kuma na lahanta huhu. Cusa soso marar shan ruwa a hancin jirgin don kada ya nutse, ka rufe murfi da tef zagaye. Yi gudun minti ɗaya ka fito, ka tabbata ruwan sanyaya inji na fita ta gefe, ka taɓa inji da ESC. In zafinsu ya haura digiri 60 na Celsius, rage farfela. Abu ɗaya za ka sauya kafin kowane gwaji, ka rubuta shi a littafi. In an tashi, zare kebul ka goge, ka shafa giris, ka cire batir, jirgin kuma ya kwana a inuwa.