Yadda Ake Kwaso Kiɗan Pedal Steel Daga Waƙar Country

1. Pedal steel wani irin jita ne da ake kaɗawa a kwance, ana jan sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyinsa, ana taka feda don canza sauti. Ɗaura tsirkiyoyinsa 10 a tsarin sauti da ake kira E9, wanda makaɗan Nashville, cibiyar waƙar country a Amurka, suka fi amfani da shi.

2. Yanki daƙiƙa 5 na waƙar, ka rage gudunta zuwa rabi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, kada sautin ya sauka.

3. Gano sautin da waƙar ta zauna a kai. In G ne, aza sandar ƙarfe daidai kan layi na 3 cikin layukan da aka zana a ƙarƙashin tsirkiyoyi.

4. Kasa kunne sosai a nan. In sauti ɗaya ya haura, sauran suna tsaye, feda aka taka. Fedar da ake kira A tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#. In duka suka zame tare, sandar aka ja. Masu koyo kan rikita biyun.

5. Gwada tsirkiyoyi 4, 5, 6, ka bi waƙar.