Yadda na yi wa motar ɗakinmu rajista a Fulorida

Ni a jihar Ohayo ta Amurka nake zaune, amma motar ɗakin da muke yawon hutu da ita, mai gado da kicin a ciki, tana ajiye a jihar Fulorida saboda ƙanƙarar hunturun Ohayo ba ta raga wa bututun ruwanta. Da na zo sabunta inshora sai aka tambaye ni inda motar take kwana. Nan gizo ke saƙa, domin na rubuta adireshin gidana.

Ashe dokar Fulorida ta ce motar da ta wuce kwana 90 a jihar cikin kwana 365 dole ta sami inshorar can, ko da mai ita baƙo ne. Sai na fara da inshorar, mai ɗaukar aƙalla dala 10,000 na jinya da 10,000 na ɓarnar dukiya.

Daga nan, domin yi wa motar rajista a Fulorida, wani ɗan sanda ya zo filin ajiya, ya sunkuya da tocila ya karanta lambar jikin motar, harafi da lamba 17, ya sa hannu a fom 82042 na tabbatar da lambar jikin mota. Na kai shi ofishin haraji na gundumar tare da takardar mallaka da fasfona. Kafin azahar sabuwar lambar rajista tana hannuna, hankalina ya kwanta.