Kurakuran da aka fi yi wajen auna sigina mai sauri, da gyaransu

A cikin nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, santimita 30 kacal haske ke tafiya. A cikin wayar RG-58 da ake haɗa na'urorin awo da ita, sigina bai kai haka sauri ba: kowace mita tana cinye kusan nanosakan 5. Ɗalibi zai haɗa na'urar gano haske ɗaya da waya mai mita 1, ta biyun da mai mita 3, ya ga tazarar nanosakan 10, ya rubuta ta a matsayin sakamako. Alhali tsawon waya ya auna. Gyaran ba wuya: wayoyi iri ɗaya, tsawo ɗaya. In babu, ka raba bugu guda, wato ɗan gajeren sigina ɗaya, ka tura shi ta wayoyin biyu, ka rubuta bambancin, ka riƙa cire shi daga kowane awo.

Irin wayar ma abin dubawa ne. Kayan awo na om 50 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa sigina), amma wayar parabol, RG-6, mai om 75 ce. Inda 50 ya haɗu da 75, kashi 20 cikin ɗari na siginar yana juyawa baya. Miltimita ba za ta nuna maka wannan ba, sai ka karanta rubutun da ke jikin robar.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne barin bakin osiloskop, na'urar da ke zana sigina a allo, a kan megaom 1, wato om miliyan ɗaya. A nan kusan duk bugun ne ke komawa cikin waya, kamar amsa-kuwwa tsakanin duwatsu. In na'urar da siginar ta fito daga gare ta ba ta dace da om 50 ba, bugun ya sake dawowa. A waya mai mita 2, sai ka ga wani bugu na ƙarya bayan nanosakan 20. Wata alamar: ka saita injin sigina a kan bolt 1, allo ya nuna 2. Ka mayar da bakin om 50, ko ka sa mahaɗin BNC (irin kan wayar awo) mai siffar T da murfin om 50 mai shanye bugun a bakin osiloskop ɗin, ba a tsakiyar waya ba. Ka duba iyakar da aka rubuta kusa da bakin tukuna, galibi bolt 5 ce, in ka wuce ta ya ƙone.

Sandar awo ta osiloskop, wadda ake taɓa da'ira da ita, a bar maɓallinta a kan 10x, domin a 1x ba ta cika bin siginar da ta wuce megahaz 10 ba. A gaban osiloskop akwai ɗan ƙarfe mai fitar da sigina mai kusurwa huɗu na kilohaz 1. Maƙala sandar a nan, juya ƙaramin sukurun da ke jikinta har saman siginar ya miƙe sumul. Doguwar wayar ƙasa ta sandar, mai bakin kada, ita ke haifar da karkarwar da ake gani bayan kowane tashi. Cire ta, sa ɗan guntun sifirin da ya zo cikin ledar sandar. Sannan osiloskop mai megahaz 100 yana da nasa lokacin tashi, wato lokacin da sigina ke ɗauka daga ƙasa zuwa sama, nanosakan 3.5. Bugu mai tashi cikin nanosakan 2 zai fito maka kamar 4.

Sai zafi, wanda mu a nan ya fi shafa. Ƙaramin kiristal mai haz 32,768 da ke cikin agogon yawancin na'urorin tattara bayanai an yanke shi ne don digiri 25. Ko sama aka yi ko ƙasa, jinkiri yake, kuma jinkirin yana ƙaruwa da tazarar sau kanta, kusan 0.034 cikin miliyan a kan kowane digiri sau digiri. Akwatin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ko Mayu ya kai digiri 45 ba tare da wahala ba. Tazara 20, sau 20 ya ba da 400, wato kusan kashi 14 cikin miliyan, sakan ɗaya da ɗoriya kowace rana. Na'urori biyu, ɗaya a ɗaki mai kilim ɗaya a fili, cikin wata guda sun rabu da fiye da rabin minti. Guntu irin DS3231, mai gyara kansa da zafi, yana tsayawa cikin kashi 2 cikin miliyan daga digiri 0 zuwa 40. Aikin da ya fi haka tsanani sai kiristal mai ɗan murhu a ciki, OCXO. Shi kuwa duk lokacin da kuran ya ɗauke, sai ya huce, ya sake ɗumama daga farko, don haka a ɗora shi a kan batir. Sauran kayan ma a ba su minti 30 a kunne kafin a fara rubuta lamba.

Masu ɗaukar lokaci daga GPS sukan dogara da rubutun NMEA, saƙon da na'urar GPS ke fitarwa, wanda kan makara da ɗaruruwan milisakan. Bakin PPS, mai bugu ɗaya kowane sakan, shi ke nuna farkon sakan. Rubutun kawai yana faɗa maka wane sakan ne. Ka kuma tabbata wane lokaci na'urar ke ajiyewa: na GPS yana gaban UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, da sakan 18 tun 2017, agogon Nijar kuma yana gaban UTC da awa ɗaya.

Akwai kuskuren da ba ya fitowa a allo sai a lissafi. Ɗauki bugu mai tashi cikin nanosakan 10, an sa iyakar kamawa, wato tsayin da bugu zai kai kafin na'ura ta rubuta zuwansa, a milibolt 50. Mai tsayin milibolt 100 zai tsallake ta a nanosakan 5, mai 500 a nanosakan 1. Tare suka zo, amma an rubuta bambancin nanosakan 4. Maganinsa da'irar CFD, wadda ke kamawa a wani kaso na tsayin bugun kansa, ko kuma ka ajiye tsayin kowane bugu ka gyara a kwamfuta.

In hayaniyar inbata ko gurup ta cika allo, kada ka karya ƙafar ƙasa ta filogin osiloskop. Jikinsa na iya ɗaukar wutar da kake aunawa, ka taɓa ta kama ka. Haɗa duk kayan a soket guda mai layin ƙasa na gaske, ka nisanta wayoyin sigina da na inbata. Da hunturu kuwa, iska a bushe take, tartsatsin yatsa kaɗai ya isa ya kashe bakin na'ura mai sauri, sai a ɗaura madaurin hannu mai waya zuwa ƙasa kafin a taɓa allon da'ira.