Yadda ake rage nauyin hoto ba tare da an ɓata shi ba

Shafin rajista zai ce hoton fasfo kada ya wuce 50KB, alhali wanda wayarka ta ɗauka ya kai 4MB. Mutane da yawa sai su garzaya su mayar da lambar DPI daga 300 zuwa 72, su adana, su tarar nauyin yana nan daram. Dalili kuwa, DPI umarni ne kawai ga na'urar buga hoto cewa ta jera ɗigo kaza a kowane inci na takarda. Abubuwa biyu ne ke hukunta nauyin fayil: yawan fiksel ɗin da ke cikin hoton, wato ƙananan ɗigon launi da suka haɗu suka yi shi, da irin matsewar da aka yi masa.

Da farko, kwafi hoton ka ajiye na asali gefe guda. Fiksel ɗin da aka zubar ba ya dawowa.

Sai ka duba girmansa. A waya ko kwamfuta, buɗe bayanan hoton za ka ga lambobi biyu, misali 4000 × 3000. Ka ninka su, fiksel miliyan 12 ke nan, abin da masu sayar da waya ke kira 12MP. Kowane fiksel yana cin bait 3 (bait shi ne ma'aunin nauyin fayil), ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, don haka ɗanyen hoton ya kai kusan 36MB. Matsewar JPEG, tsarin da waya ke adana hoto da shi, ce ta sauko da shi zuwa megabait uku ko huɗu.

Kafin ka rage komai, yanke abin da ba a buƙata: bango, labule, rabin kujerar da ta leƙo ta gefe. Wannan ragi ne da bai taɓa ingancin fuskar ba.

Yanzu rage fiksel, kuma a nan ne aikin yake. Idan ka raba faɗi biyu, ka raba tsawo biyu, ba rabin hoton ne ya rage ba, kwata ne: 2000 × 1500 fiksel miliyan 3 ne kacal. A Paint na Windows danna Resize, zaɓi Pixels, ka tabbata faɗi da tsawo a ɗaure suke, in ba haka ba fuska ta miƙe ko ta baje. A Photoshop shiga Image Size, ka lura da akwatin Resample. Idan a kunne yake, canza DPI yana canza yawan fiksel, shi ya sa wasu ke rantsewa cewa DPI na rage nauyi. Idan a kashe yake, girman bugu a takarda kaɗai ke canzawa.

Nawa za ka bari? Ya danganta da inda hoton zai je. Na bugawa, ninka inci da 300: hoto mai inci 4 × 6 yana son 1200 × 1800, na fasfo mai inci 2 × 2 kuma 600 × 600. Na kallo a allo, faɗin 1200 zuwa 1600 ya wadatar.

Daga ƙarshe sai matsewa. Adana shi a JPEG, ka sa inganci wajen 80 cikin 100. Ido da wuya ya ga bambanci, nauyi kuwa ya zube sosai. Ni dai ba na son sauka ƙasa da 60, don daga nan ake fara ganin ƙananan murabba'ai a kumatu da wani dishi-dishi a gefen rubutu. Idan har yanzu bai sauko zuwa 50KB ba, gara ka ƙara rage fiksel da ka ci gaba da matse shi. Kada kuma ka riƙa adana JPEG ɗaya kana maimaitawa, kowane karo yana ƙara lalacewa. Koma kan na asalin ka sake. PNG, wani tsarin adana hoto na daban, ya fi dacewa da tambari ko hoton rubutu, amma ga fuskar mutum nauyi kawai zai ƙara maka.

Idan mai buga hoto za ka tura wa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don in ka tura ta hanyar da aka saba, manhajar za ta sake matse shi da kanta.