Darasi Na Bakwai: Ina Ƙarfin Ya Tafi?

Ku ajiye littafin a kan cinya. Ku haɗa tafin hannuwanku, ku goga su da sauri har ku ƙirga ashirin, sannan ku ɗora su a kumatu. Ɗumin da kuka ji ba daga wuta ya fito ba, ƙarfin da kuka sa wajen gogawa ne ya koma zafi.

Yanzu ku ɗauki fensir ku rubuta wannan layi a hankali, ko da hannu yana rawa: ƙarfi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa.

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Duk lokacin da na tambaya, idan mai keke ya gangaro daga tudu ya matse birki ya tsaya, ina ƙarfin gudunsa ya tafi, sai aji ya amsa baki ɗaya, "Ya ƙare, malam." Bai ƙare ba. Ku taɓa ƙarfen ƙafar keken, daidai inda robar birki ta kama, za ku ji ɗumi, kuma wannan ɗumin shi ne gudun nan na ɗazu. Haka garin da ya fito daga injin niƙa, wanda sai an baza shi a tabarma ya huce. Ku sake rubuta layin.

Wasunku manya ne masu jikoki, amma sati uku ke nan ina jin "ya ƙare" daga bakinsu, kuma abin ya fara isata. Wanda ya sake faɗa zai rubuta layin sau goma. Bai ƙare ba, zafi ya koma.

Wani Bature mai suna James Joule ya auna wannan a birnin Manchesta na ƙasar Ingila a shekarun 1840. Ya ɗaura ƙarfe mai nauyi a igiya, yana sauka yana juya wani abu mai kama da maburgi cikin ruwa, ruwan kuwa ya ɗan ƙara ɗumi. Da sunansa ake auna ƙarfi har yau: wajen jul 4.2 ke ƙara wa giram 1 na ruwa digiri 1 a ma'aunin Salshiyos.

Darasi Na Takwas

Ku buga ƙusa da guduma sau talatin, ku taɓa kanta. Ku rubuta abin da kuka ji.