Carbi na gudu, zuciya na kasuwa: kurakuran masu zikiri

Na yi shekara da shekaru ina zama bayan sallar asuba a masallacin unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru, carbi a hannu, baki na motsi, amma zuciyata tana can kasuwa tana lissafin buhunan albasa. Ranar da wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Ɗana, wa ke korar ka?" sai kunya ta rufe ni.

Gaggawa ita ce babbar cutar. Mai lazimin Tijjaniyya yana da istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma. Wani kuwa tasbihin bayan salla ne, 33 sau uku. Adadin ba ya canzawa, saurin ne namu. Gyaran shi ne ka furta kowace kalma har kunnenka ya ji ta, ka bar numfashi ya fita a hankali kafin ka ja ƙwayar gaba. Fitar da numfashi sannu a hankali yana rage bugun zuciya, shi ya sa jiki ke yin sanyi. Ayar Suratur Ra'adi ta 28 ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa.

Kuskure na biyu, kokawa da tunani. Da zarar bashi ko rigimar gida ta faɗo maka, sai ka ji haushi ka ce yau zikirin ya lalace. Bai lalace ba. Ka lura hankali ya tafi, ka dawo da shi kan kalmar, ko sau hamsin ne. Haka ma ake koyarwa a shirin makonni 8 na rage damuwa da wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya fara a Amurka a 1979.

Sai lokaci. Wanda ya cika ciki da tuwo a zafin Afirilu, Garwa na tafasa sama da digiri 40, ya jingina da bango, gyangyaɗi zai yi. Zauna a miƙe, ka zaɓi sanyin asuba. Waya kuma a kashe ta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji sauƙi a ransa ya ajiye magani. Natsuwa na taimaka wa barci da damuwa, amma ba ta maye gurbin ƙwayar likita. Ka sha maganinka, ka je awo, sannan ka ɗauki carbinka.