Kurakuran da aka fi yi wajen shuka aduwa daga ƙwallo

Kwanaki ƙanena ya nuna mini hoton wani itace a waya, wai shi junifa, kore shar rani da damina, yana tambayar inda za a samo irinsa. Na ce masa wannan ɗan tsaunuka ne masu sanyi, irin na Habasha da Kenya, zafin Afrilu na Maraɗi ba zai bar shi ya kai labari ba. In itacen da ba ya tsiraita da rani ake nema, ga aduwa nan a bakin gona. Matsalarta ɗaya: kowa ya san shan ta, kaɗan ne suka iya shuka ta.

Tun daga iri ake fara ɓata lamarin. Mutum ya je gindin aduwa ya tsinci duk abin da ya tarar a ƙasa, har da ƴaƴan bara da ƙwari suka huda. Ka ɗauki ƙwallo ka juya shi da kyau. In ka ga ɗan rami kamar na allura, ko ka ji shi sakayau a hannu, tsutsa ta riga ka cinye cikin. A tara ƴaƴa lokacin sanyi, sa'ad da suka nuna, kuma a ɗanɗana kafin a zaɓi uwa, don wata aduwar zaƙinta ya fi ɗacinta, wata kuwa ko yaro ba ya waiwayarta. Mai garken awaki ya huta da rabin aikin: ƙwallayen da suke tofarwa in suna tuƙa sun fita tas, kuma suna saurin tsira.

Sai masu binne ta da ɓawonta da naman nan mai danƙo. Naman yana jinkirta tsiro, yana kuma kiran tururuwa. A ɓare, a jiƙa, a murje da yashi har ƙwallon ya fito fes, sannan ya kwana ɗaya cikin ruwa kafin a shuka. Na ga wanda ya ji an ce ruwan zafi na taimakawa, ya ɗora tukunya ya bar ƙwallayen suna tafasa. Wannan ya dafa irinsa ne kawai.

Babban kuskuren dai shi ne leda, kuma ni ma ta ci ni. Aduwa saiwa take fara yi. Kana ganin ɗan tsiro bai wuce tsawon yatsa ba, alhali ƙasa ta yi nisa tana neman laima. Shekarar da na fara, na cika ƙananan ledojin ruwan sanyi da ƙasa, na jera su a gindin bedi cikin gida, ina ba su ruwa safe da yamma kamar tumatir. Na bar su har wata biyar don su ƙara girma. Ranar da na zo ɗauka, kowace leda na ɗaga sai in ji ɗas, saiwar ta huda leda ta kama ƙasa, ni kuma na tsinke ta. Kawuna yana zaune a kan tabarma yana kallona, ya ce, "Ɗana, ƙafarta ka yanke, da me za ta je neman ruwa?" Kafin kaka saura uku masu rai.

Gyaran ba wuya. In da hali, a shuka ta kai tsaye inda za ta zauna, ƙwallo biyu ko uku a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu, daga baya a bar mafi ƙarfi. In dole sai an yi reno, a nemi leda mai tsawo, a riƙa gusar da ita duk mako biyu, kuma kada ta wuce wata uku ba a dasa ba. Wajen dasawa a tsaga ledar da reza, kada a fizgo tsiron.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Daminarmu gajera ce, Yuni zuwa Satumba, don haka shukar ƙarshen Agusta ba ta samun ruwan kafuwa. Da ƙasa ta jiƙu sosai, a saka. Wanda bai ga tsiro cikin mako ɗaya ba kada ya tone rami, tana iya kai wata guda.

Wasu kuma suna cewa ai tana da ƙaya, za ta kare kanta. Ƙayar jaririyar aduwa laushi gare ta, akuya kuwa ba ta jin kunya. Da an sako dabbobi bayan girbi, dare ɗaya ya isa. A kewaye ta da ƙayar magarya har shekara uku, a kafa sanda kusa da ita don masu noma su gan ta kafin hauya ta bi ta kanta, kuma kada a ƙone karan gona a gefenta.

Akwai wanda ke wahalar shuka alhali kututturen aduwa na tohuwa a gonarsa yana sarewa duk shekara. Tun 1983 da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara aiki da manoman yankin nan a kan abin da muke kira sassabin zamani, wato renon tohon kututture maimakon sare shi, an san cewa kututture mai tsohuwar saiwa ya fi sabon iri sauri nesa ba kusa ba. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran.

Wadda aka shuka daga ƙwallo takan kai shekara biyar zuwa takwas kafin ta yi ƴaƴa, nan ne wasu ke gajiya su sare ta don ƙotar gatari. In ta tsallake wannan, mata za su samu dubagara ta kwaɗo lokacin da babu wani ɗanyen ganye a daji, a fasa ƙwallo a tatsi mai, awaki su ci ganye a tsakiyar bazara. Ƙota da allon makaranta kuwa daga reshe ake fitar da su, a sare shi sama da inda ya rabu da uwar, a bar gindin.